Ma'ajin Cikin Jiki

Ƙarfe biyun dare a Dandi.
Kogin Tay ya haɗiye fitilun gada,
ni kaɗai ce a hawa na huɗu,
sai firji da ke gunaguni
da faranti goma sha biyu na ƙwayoyin hanta
waɗanda na hana wa sukari tun la'asar.

Da gangan nake ba su yunwa.
So nake in ga wanda zai farka.

Akwai wani sinadari a cikin kowace ƙwaya,
ba ya ɗaukar guduma, ba ya ɗora tubali,
aikinsa ƙidaya.
A takarda haruffa huɗu muka raɗa masa,
ni kuwa a zuci Murdo nake ce masa,
sunan mahaifina.

Shekara talatin da ɗaya Baba ya yi
a ɗakin ajiyar masu ƙera jiragen ruwa,
fensir a bayan kunne, makullai a ƙugu.
Ƙusa ɗaya ba ta fita sai ya sa hannu.
In kaya suka yi ƙasa sai ya ja taga ya rufe:
"A dakata da sabon jirgi.
A kwance tsohon, a narka abin da zai narku."
Maƙera sun zage shi tas,
amma wutarsu ba ta taɓa mutuwa a zamaninsa ba.

Haka takwaransa yake.
In takardun kuɗin ƙarfi suka koma tsaba
a aljihun ƙwaya, shi ke fara jin ƙararsu.
Sai ya tsai da gini, ya hana ta rabuwa biyu,
ya buɗe ƙofa sukari ya shigo,
ya sa a ƙona kitsen da aka ɓoye don baɗi,
har bola sai an tona.
Daidai ruwa, daidai tsaki.

Shekara shida ina masa kallon mai gadi.
Mene ne ciwon daji in ba gini ba izini ba,
ɗaki kan ɗaki, ba a tambayi ma'aji ba?
Na yi ta faɗa a taro, ina nuni da sanda:
ku tashe shi, zai tsawatar.

A watan jiya likita Elspeth Kinnear
ta juyo mana da allon hoto.
Wani abu kamar ƙwan tattabara
ya yi zaune a hantar Baba.
Shi da bai taɓa tsallake farar ƙwayarsa ta ciwon suga ba,
ƙwayar da ke tashin ma'ajin kowace safiya.

Yau ga abin da madubi ya nuna min.
Faranti shida na ƙwayoyin daji da na cire wa ma'aji
sun ci, sun ci, sun gina har rumbu ya ƙare,
sun mutu da cokali a baki.
Shidan da na bar musu shi
sun ɗaure ciki, sun lafe,
suna jiran in gaji in zuba abinci.

Ashe mai gadin da ke hana ɓarawo shiga,
in ɓarawo ya riga ya shimfiɗa tabarma
shi ke koya masa tattali.

Da asuba na bi ta gidansa.
Na tarar ya jera magunguna kan tebur,
bakwai-bakwai, yana duba littafi.
Ya ce, "Ɗan ƙidayar nan naku, ɓangaren wa yake?"
Na ce, "Ba shi da ɓangare, Baba. Lissafi kawai ya sani."

Ya daɗe yana kallon hazon da ke kan ruwa.
"Na ba da ƙusa ga jirgin fasinja,
na ba jirgin yaƙi.
Ban taɓa tambayar ina za su ba."

Ya zaro fensir daga bayan kunne,
ya soke Talata,
ya ce in ɗora shayi.